Me ya sa hanta ke haƙuri da wasu baƙin, ta kuma murƙushe wasu? Fashin baƙi

Duk lomar da ka haɗiye baƙuwa ce a wajen jikinka. Tuwo ne, wake ne, nono ne, kifi ne, furotin ɗin da ke cikinsu dai ba naka ba ne, kuma garkuwar jiki ba ta da wani aiki da ya wuce farautar abin da ba naka ba. Ga hanji kuma maƙil da bakteriya, tiriliyoyi, suna rayuwa suna mutuwa suna farfashewa, ɓurɓushinsu na tsallakawa cikin jini dare da rana. To wannan jinin da ya baro hanji ba ya wucewa zuciya kai tsaye, akwai wata ƙatuwar jijiya da likitoci ke kira fotal, ita ke tattaro shi daga hanji da tumbi da saifa ta juye shi cikin hanta. Hantar babban mutum wajen kilo ɗaya da rabi ce, jinin da ke ratsa ta a minti ɗaya kusan lita ɗaya da rabi, kuma kashi uku cikin huɗu na wannan jinin daga fotal ɗin yake, sauran ne kawai ke zuwa daga zuciya da iskar numfashi.

Yanzu ka duba tsaka mai wuyar da take ciki. Akwai wani sinadari a jikin bangon wasu bakteriya, LPS ake ce masa, in aka ɗura maka ɗan mitsitsinsa a jijiyar hannu zazzaɓi da rawar ɗari za su rufe ka, in ya yi yawa jini ya faɗi mutum ya sheƙa. Wannan abin hanta take gani kullum bayan ka ci abinci. Da a ce tana mayar da martani irin na sauran jiki, da kowane kalaci sai ya kwantar da mutum. In kuma ta ce ta saki jiki gaba ɗaya, ranar da hanji ya samu rauni bakteriya masu rai suka shigo, shikenan sun bazu a jini. Ka ɗauka ma'aikatan kan iyaka ne ranar kasuwa a Maigatari ko Jibiya, in suka ce kowace mota sai an sauke kayanta an yi faɗa da direba to kasuwa ta mutu, in kuma suka zauna ƙarƙashin bishiya suna ɗaga hannu kowa ya wuce wata rana makamai ne za su shigo. Dole a samu hanyar tsame mugu ba tare da an tashi kasuwa ba.

Abin da ya fara farkar da masana cewa hanta daban take, aladu ne. A 1969 wani likitan tiyata a Kambirij ta Ingila, Roy Calne, da abokan aikinsa suka fitar da rahoton cewa sun dasa wa aladu hantar wasu aladun da ba su da dangantaka, ba su ba su maganin danne garkuwa ba, kuma da yawansu suka rayu lafiya lau jikinsu bai ƙi hantar ba. In ƙoda ce ko fata aka dasa haka, cikin kwanaki jiki ke lalata ta. Abin da ya fi ɗaure kai ma, aladen da ya karɓi hanta, in aka dasa masa ƙoda ko fatar wannan da ya ba shi hantar sai ta daɗe fiye da yadda aka saba, wato hantar ba kanta kaɗai ta cece ba, har ta koya wa jiki ya yi haƙuri da duk abin da ya fito daga gidansu. A mutane abin bai kai na alade sauƙi ba, kar wani ya ji wannan ya ajiye maganinsa, amma alamar tana nan. Tun da Thomas Starzl ya yi dashen hanta na farko a Denba ta Amurka a 1963, aka samu nasara ta farko a 1967, likitoci sun lura cewa hanta ba ta buƙatar irin tsananin daidaita jinsin tsoka da ake yi wa ƙoda, rukunin jini da girman jiki aka fi dubawa, kuma cikin waɗanda aka zaɓa da kyau aka riƙa janye musu magani a hankali ƙarƙashin kulawa, kusan ɗaya cikin biyar kan iya rabuwa da shi ɗungurungum.

To ta yaya take yi?

Farko dai ginin nata ne. Jinin fotal in ya shiga hanta sai ya rarrabu cikin wasu siraran hanyoyi masu ɗumbin yawa, a nan gudunsa ke raguwa sosai, tafiyar hawainiya yake, saboda a samu lokacin tace shi. Bangon waɗannan hanyoyin huje-huje ne, ƙananan ƙofofi da ba su wuce nanomita 100 zuwa 150 ba, kuma babu shimfiɗar da ke bayan bangon kamar yadda take a sauran jijiyoyi. Ma'ana ruwan jini na taɓa ƙwayoyin halittar hanta kai tsaye (bari in riƙa ce musu sel, kar su cakuɗe mana da ƙwayoyin cuta). Har sel ɗin garkuwa da ke wucewa cikin jini na iya zura ɗan yatsansa ta hujin ya shafa sel ɗin hanta ba tare da ya fita daga jijiya ba, wanda a yawancin sassan jiki hakan ba ya yiwuwa.

A cikin waɗannan hanyoyin ne wasu manyan sel masu haɗiya suke zaune, sun maƙale a bango suna miƙa hannuwa cikin jini. Sunansu sel ɗin Kupffer, daga wani Bajamushe da ya fara bayyana su a 1876, ko da yake shi ya ɗauka ɓangaren bangon jijiya ne, sai a 1898 wani ɗan ƙasar Folan, Browicz, ya gano ainihin aikinsu. Su ne mafi yawan sel masu haɗiya da ke zaune dindindin a gaɓoɓin jiki, ana cewa kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Kuma wallahi ba su da wasa. In aka ɗura wa ɓera bakteriya a jini, cikin mintoci mafi yawansu sun maƙale a hanta. Suna da wani ƙugiya a jikinsu da aka gano a 2006, CRIg, da shi suke fizgo bakteriya daga cikin jini mai gudu, kuma masu bincike a Kalgari ta Kanada da suka ɗauki bidiyon hantar ɓera mai rai sun ga faletlet, waɗannan ƙananan da ke daskarar da jini, suna zuwa suna lulluɓe ƙwayar da aka kama don kar ta kuɓuce. A 2021 ma wani bincike ya nuna ba barbaje suke ba, sun fi taruwa ne a bakin da jinin hanji ke shigowa, kuma ɓurɓushin bakteriyar hanjin ne da kansa ke sa su jeru a wajen.

Dan haka duk mai cewa hanta gaɓa ce mai raunin garkuwa bai fahimci zancen ba. Ita ce fa ke ƙera da yawa daga cikin furotin ɗin yaƙi da ke yawo a jini. Wannan CRP da ake aunawa a asibiti in ana zargin kumburi ko cuta, hanta ke yin sa. Haka hefsidin, wanda ke kulle sinadarin ƙarfe ya hana bakteriya samu, shi ya sa mai doguwar jinya zaka ga jininsa ya yi ƙasa ko da yana cin abinci mai kyau. Sel ɗin NK masu kashe sel ɗin da bairas ya shiga ko ya fara zama cutar kansa, wato daji, a jini kamar kashi goma ne zuwa sha biyar cikin ɗari na danginsu, a hantar mutum suna kai kashi uku cikin goma har zuwa rabi.

Inda dabarar take shi ne, kamu daban, ihu daban. Sel ɗin Kupffer in ya haɗiye abu a rana ta yau da kullum ba ya kiran gayya. Maimakon sinadaran tayar da kumburi sai ya saki na kwantarwa, babbansu IL-10, ga kuma TGF-beta. Kuma yawan ganin LPS kaɗan-kaɗan da yake yi shi ke ƙara masa sanyi, ya saba, sai abin ya wuce misali kafin ya motsa. To wannan sanyin ne ke shafar sel T, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe, dan duk labarin ciwon hanta a nan yake.

Sel T su ne masu ƙwaƙwalwa a cikin sojojin jiki, kowanne da irin alamar da ya sani, kuma in ya tashi yaƙi ba ya mantuwa. Amma kafin sabon sel T ya zama mayaƙi yana buƙatar abu biyu. Na ɗaya a nuna masa guntun abin, a ce ga shi. Na biyu wanda ya nuna masa ya ba shi wata alama ta daban mai cewa wannan abin haɗari ne. A ka'ida wannan horon a kaluluwa ake yin sa, shi ya sa in ka ji ciwo a ƙafa sai ta fito maka a matsematsi, sojoji ne ake horarwa a wajen. A hanta kuwa kusan kowa na iya nuna wa sel T guntun abu, sel ɗin bangon jijiya na yi, Kupffer na yi, sel ɗin hanta kansu na yi ta waɗancan hujojin, amma alama ta biyun ce ba sa bayarwa yadda ya kamata, sai ma su ɗaga masa wata mai suna PD-L1 wadda ma'anarta tsaya. Sel T ɗin da aka horar haka yakan ɗan motsa, ya ɗan hayayyafa, sannan ya yi laƙwas ko ya mutu da wuri, wasu kuma su rikiɗe su zama masu tsawatar wa 'yan uwansu kar su yi faɗa. Masu bincike a Sidni ta Ostareliya sun ga abin da ya fi wannan ban mamaki a 2011, sel T na kutsawa cikin sel ɗin hanta da kansa, a narkar da shi a ciki. Ba banza ba wasu masana ke kiran hanta maƙabartar sel T.

Ka ga kenan abin da jiki ya fara gani ta hanyar hanta yakan koyi ƙyale shi, abin da ya fara gani ta kaluluwa yakan koyi yaƙarsa. Tun 1967 aka gwada a karnuka, in aka karkatar da jinin hanji ya kauce wa hanta, wannan haƙurin da jiki ke yi da abin da aka ci ta baki sai ya ragu. Ba hanta kaɗai ke wannan aikin ba, gaskiya hanjin kansa da kaluluwar da ke kewaye da shi su ne sahun gaba, ita tana baya ne tana tare abin da ya zille musu.

To yaushe take juyawa ta yi yaƙi na gaske? Babu wani maɓalli guda da ake dannawa, abubuwa ne ke haɗuwa. In sel ɗin hanta suka fara mutuwa suna zubar da kayan cikinsu, wannan ƙararrawa ce. In yawan ƙwayar ya wuce abin da Kupffer za su haɗiye shiru, sai su canja murya, su kira sababbin sel daga ɓargo, waɗanda ba su taso cikin tarbiyyar haƙurin hanta ba, da zafinsu suke isowa. In kuma an riga an horar da sel T da kyau a kaluluwa, to in suka shigo suna aiki sosai, muddin sel ɗin da suka kamu ba su yi yawan da zai gajiyar da su ba. Ciwon hanta nau'in A misali ne, yana sa shawara, mutum ya yi makonni a kwance, amma ba ya zama a jiki, hanta na share shi tas kuma ba ya dawowa.

Nau'in B ne ya gano lagon wannan tsarin. Shi bairas ɗin B a karan kansa ba ya kashe sel ɗin da ya shiga, zama yake ya yi ta hayayyafa, kuma da aka bi shi a birai a 2004 an ga yana bazuwa cikin hanta na makonni ba tare da ƙararrawar farko ta kaɗa ba ko kaɗan. Sannan sel ɗin hanta kaɗai yake shiga, wato waɗanda za su nuna shi ga sel T su ne dai waɗancan marasa ba da alama ta biyu. Wani bincike daga Milan ta Italiya a 2019 ya nuna haka ƙarara a ɓeraye, in Kupffer ne suka nuna guntun bairas ɗin sel T na fitowa da ƙarfinsu, in sel ɗin hanta ne suka nuna sai su fito a sanyaye. Ƙari a kan haka yana ambaliyar da jini da fankon rigarsa, wannan HBsAg da ake gani a takardar gwaji, ya ninka ainihin bairas ɗin sau dubbai, sojoji su yi ta ganin abu ɗaya har su gaji.

Duk da haka babban mutum in ya kamu yawanci yana cin galaba, ƙasa da biyar cikin ɗari ne abin ke zame musu na dindindin. Jariri kuwa akasin haka ne, tara cikin goma. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyar kamar uku cikin goma. Wannan lissafin shi ne bayanin halin da muke ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 65 a yankin Afirka, kuma ya kashe wajen miliyan 1.1 a wannan shekarar. A Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya samu kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64. Mafi yawan waɗannan tun suna ƙanana suka ɗauka, wajen haihuwa, ko tsakanin yara a gida, ko ta askar da aka yi wa wani aiki da ita ba a tafasa ba, kaciya ce, cire beli ne, tsaga ce. Shi ya sa abin ke ba ni haushi in na ga an je gwajin aure (a Kano ma tun 2024 doka ce) sakamako ya fito fozitib sai a fara kallon yarinya ko saurayi da wani ido. Mai yiwuwa tun yana goye abin ke jikinsa.

Ga kuma inda mutane da yawa ke ruɗewa. Tunda bairas ɗin ba ya kashe sel, me ke cinye hantar? Sojojin mutum ne. Wanda jikinsa ya ƙyale bairas ɗin zaka ga bairal lod ɗinsa, wato yawan bairas ɗin a jininsa, miliyoyi amma ALT ɗinsa daidai, dan ALT sinadari ne da ke tsiyaya daga sel ɗin hanta da ya mutu, in ba a kashewa ba zai hau ba. Wanda jikinsa ya yi yaƙi sosai kuma zai yi shawara ya warke. Na tsakiya shi ne a wahale, sojoji sun farka amma ba su da ƙarfin gamawa, su kashe wasu sel yau, bairas ya shiga wasu gobe, a yi ta yi shekara ashirin, talatin. Duk inda aka yi ɓarna kuma akwai wasu sel masu siffar tauraro da ke bayan bangon jijiya, a zaman lafiya bitamin A suke ajiyewa, in kumburi ya daɗe sai su koma saƙa tabo. Tabo kan tabo, hanta ta taurare ta ƙanƙance. Sel ɗin da ke ta mutuwa ana sake su ba hutu kuwa wata rana kuskure zai shiga, kansa kenan, musamman in an haɗa da gubar afalatoksin ta fumfunar gyaɗa da masarar da ba ta bushe da kyau ba, su biyun in suka haɗu haɗarin ninkuwa yake ba taruwa ba. A da likitoci kan ce wa matashin da ALT ɗinsa ke daidai ya je kawai yana matakin haƙuri, yanzu an gano ko a lokacin ma ba shiru ne gaba ɗaya ba, kuma a 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗaɗa waɗanda suka cancanci fara magani.

Zazzaɓin cizon sauro ma ta wannan ƙofar yake bi. Sauro in ya cije ka, ƙwayoyin da ya zuba kaɗan ne, kuma ba jini suke fara ci ba, hanta suke nufa, su ratsa bangon su shige sel guda, cikin kamar mako ɗaya ƙwaya ɗaya ta zama dubun-dubata, duk wannan lokacin ba ciwon kai ba zazzaɓi. Sai sun fashe cikin jini sannan ka san an shigo. Rigakafin nan guda biyu, RTS,S da R21, wannan ɗan tsakanin suke hari, a tare ƙwayar kafin ta samu mafaka a hanta. Kamaru ta fara sa shi cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024, Najeriya ta fara a Disambar 2024 da Kebbi da Bayelsa. Akwai kuma dangin tsargiya mai zama a jijiyoyin hanji, wadda ta addabi manoman rani a wurare irin su Jazira ta Sudan, ƙwanta ke bin fotal ya maƙale a hanta, jiki ya kewaye kowane ƙwai da tabo har hanyar jini ta toshe, mutum ya zo yana aman jini alhali sel ɗin hantarsa lafiyarsu ƙalau.

Cutar kansa ita ma ta san wannan. Ta hanji in za ta yaɗu hanta ce zangonta na farko, jini ya kai ta, sanyin wajen ya ba ta masauki. Magungunan zamani da ke cire wa sel T wancan takunkumin na PD-L1 sun fara taimakawa a kansar hanta tun 2020, amma a wasu marasa lafiya sojojin da aka kwance sai su afka wa hantar kanta.

Ɗaya gefen kuma, inda haƙurin ke karyewa, ba zan ja shi ba. Giya na sa bangon hanji ya riƙa yoyo, LPS ya yi yawa, Kupffer su fusata su yi ta zuba sinadaran kumburi. Kitse in ya taru a hanta, wanda yanzu ake gani sosai ga masu ƙiba da ciwon suga ko da ba su taɓa kurɓar giya ba, kusan hanya ɗaya yake bi. Wasu kuma, galibi mata, garkuwarsu ce kawai ke juya wa hanta ko hanyoyin ɗaci baya ba tare da wata ƙwaya ba. Kuma in hanta ta riga ta taurare sai a yi biyu babu, hujojin nan sun toshe, jinin hanji ya nemi wasu hanyoyi ya kewaye ta ba a tace ba, shi ya sa mai irin wannan ciwon da cikinsa ya tara ruwa ƙwayar cuta kaɗan ke kayar da shi, jiki na cikin kumburi kullum amma ba kariya.

Wannan ya kawo ni kan masu tallar maganin ƙara garkuwa da wankin hanta a Facebook da TikTok da cikin motocin lasifika a kasuwa. In ka bi bayanin nan ka ga matsalar mai ciwon B ba ƙarancin faɗa ba ne kawai, faɗan da ba ya ƙarewa ne ke cin sa. Ko da a ce jiƙon na ƙara garkuwa da gaske, wanda ba wanda ya nuna, zuga sojoji a makance cikin hantar da kusan duk sel ɗinta na ɗauke da bairas ba alheri ba ne. Balle abin da ka sha ita ce za ta fara karɓarsa ta sarrafa, kuma ba ka san me aka zuba ba. Haka su deksa da 'yan mata da ma samari ke sha dan su yi ƙiba, sha-ka-fashe, wannan sitiroyid ne mai danne garkuwa. Mai ɗauke da B in ya daɗe yana sha bairas ɗin zai samu sarari ya cika hanta, ranar da ya daina sojoji su farka su tarar da shi ko'ina su hau kisa gaba ɗaya, akwai waɗanda hantarsu ke tsayawa cak ta haka. Dalili kenan da ya sa likitan kirki ke gwada B kafin ya fara wa mutum maganin kansa ko wani mai danne garkuwa, kuma dalili kenan da ake hana mai shan tenofobir, maganin B, ya yanke shi da kansa dan ya ji sauƙi ko kuɗi sun yanke.

Shi tenofobir ɗin da entekabir ba garkuwa suke taɓawa ba sam, bairas ɗin suke hana hayayyafa, in ya ragu sai faɗan ya lafa, hanta ta samu ta gyara kanta, har tabon kan ragu a wasu. Amma ba sa fitar da shi, dan yana ajiye wani ɗan zoben kwafinsa a can cikin cibiyar sel inda maganin ba ya kaiwa. Nau'in C ba ya wannan ajiyar, shi ya sa maganin wata biyu zuwa uku ke warkar da sama da 95 cikin ɗari, har Masar da ta fi kowa fama da shi ta kusa kawar da shi. Na B kuwa masu bincike na ta ƙoƙarin su fara rage HBsAg ɗin da ya gajiyar da sel T, sannan su tashe su daidai gwargwado, yadda za su share bairas ba tare da sun tafi da hantar ba, kuma har yanzu gwaji ake.

Abin da ke hannu tun tuni shi ne allurar rigakafi, kuma in ka lura ita ma da wannan ka'idar take aiki. A cinya ake yi wa jariri, guntun rigar bairas ɗin ya tafi kaluluwa, a nuna wa sojoji shi tare da alamar haɗari, kafin na gasken ya isa hanta a gabatar da shi a matsayin ɗan gida. Shi ya sa ake cewa cikin awa 24 da haihuwa, tsere ne tsakanin wa zai fara nuna shi. Najeriya ta sa ta cikin rigakafin yara tun 2004 kuma kyauta ce, sai dai a Arewa mata da yawa a gida suke haihuwa a hannun ungozoma, kuma al'ada jariri ba ya fita sai an yi suna, kwana bakwai kenan, in uwar na ɗauke da bairas ɗin an ba shi tazarar kwana shida. Mai juna biyu ta yi gwajin tun a awo, in bairal lod ɗinta ya yi yawa ana ba ta tenofobir a watannin ƙarshe, in kuma haihuwar ta zo a gida to uban ko wata 'yar uwa su naɗe jaririn a kai shi asibitin da ya fi kusa a ranar, mai jego ta yi zamanta a ɗaki.